Mai zaman kanta a ƙasar da ba tata ba: biza, doka da karuwanci a ƙetare

Idan Bahaushe ba ya son ambaton kalmar karuwa a gaban manya, sai ya ce "mai zaman kanta". Sunan yana da nauyi fiye da yadda muke ɗaukar sa. Yana nufin macen da ba ta ƙarƙashin miji, ba ta ƙarƙashin uba, ita ke biyan kuɗin ɗakinta, ita ke zaɓar wanda zai shigo da wanda za ta sallama tun daga bakin ƙofa. A da, irin wannan mace ba ta cika zama a garinsu ba. Takan yi nisa don kada ta zubar wa dangi mutunci: 'yar Katsina ta sauka a Sabo ta Ibadan, 'yar Maraɗi ta sauka a zangon Kumasi, ta kama ɗaki a gidan magajiya, wata ta haɗa da sayar da tuwo, in ta gaji ko ta sami wanda ya kwanta mata a rai ta yi aure. A duk wannan tafiya, kuɗin mota kaɗai take buƙata.

Yanzu tafiyar ta koma ta jirgi da ta Sahara, kuma akwai wata magana da ke yawo a wayoyin 'yan mata wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Cewa ake yi: a ƙasa kaza ba laifi ba ne, doka ta amince, ke da kanki za ki riƙe kuɗinki, babu kawali babu magajiya. Hukuncin wannan sana'a a addini kowa ya san shi, ba shi na zo maimaitawa ba. Abin da ya dame ni shi ne rabin maganar gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya zalla iya kai mutum rami. Gaskiya ne akwai ƙasashen da ba sa kama mace don ta sayar da jikinta. Sai dai kowace ƙasa doka biyu take da ita a kan wannan batu: dokar laifuka, wadda ke faɗin abin da aka hana a cikin gida, da dokar shige da fice, wadda ke faɗin wa aka yarda ya shigo da abin da aka yarda ya yi. Dillalai ta farkon suke karanta wa mata. Ta biyun ita ce ke jiran su a filin jirgi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Niyu Zilan. A shekarar 2003 majalisar ƙasar ta cire karuwanci daga jerin laifuka da ƙuri'a 60 a kan 59, mutum ɗaya ya ƙaurace. Tun daga lokacin, mace a can tana iya kai ƙarar mai gidan da take aiki in ya ci zarafinta, tana iya kiran 'yan sanda in wani ya doke ta ko ya ƙi biya, ba tare da tsoron a juyo kanta ba. Masu fafutukar haƙƙin waɗannan mata a duniya da wannan doka suke kafa misali. To amma a cikin dokar nan ɗin dai akwai sashe na 19, wanda ya ce ba za a ba kowa biza don ya zo ya yi wannan sana'a ba, kuma duk mai bizar wucin gadi, ɗaliba ce ko 'yar yawon buɗe ido ko ma'aikaciya, in aka same ta a ciki ana iya tasa ƙeyarta gida. Ke nan mata biyu za su iya zama a gida ɗaya, suna aiki ɗaya, ɗaya doka na kare ta, ɗayar kuwa kiran 'yan sanda daidai yake da yankar wa kanta tikitin komawa. Kuma mazan banza sun san da wannan bambanci. Wanda ya yi niyyar cuta ya san wacce zai nufa.

Holand ma haka. A watan Oktoba na 2000 ta ɗage haramcin da ke kan gidajen karuwai, aka mayar da su wuraren kasuwanci masu lasisi. Wanda ya ga hotunan tagogin Amsterdam masu jan fitila zai ɗauka ƙofa a buɗe take ga kowa. Ba haka ba ne. Ƙasar ba ta bayar da izinin aiki na wannan sana'a ga wanda ya fito daga wajen Tarayyar Turai. 'Yar Romaniya za ta iya shigowa ta yi rajista a matsayin mai sana'ar kanta, ta biya haraji, domin ita 'yar Tarayyar ce. 'Yar Najeriya ko Nijar ko Gana ba ta da wannan hanya.

A kan Holand ɗin ne aka yi wata shari'a da ya kamata a tsaya a kanta, domin ita ce ta ba kalmar "zaman kai" ma'ana a doka. Wasu mata shida, biyu daga Folan, huɗu daga Jamhuriyar Cek, sun nemi izinin zama a matsayin masu sana'ar kansu, aka hana su. A lokacin ƙasashensu ba su shiga Tarayyar Turai ba, amma akwai yarjejeniya tsakaninsu da ita da ta ba 'yan ƙasashen damar kafa sana'a. Magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2001 cewa wannan aiki yana iya shiga cikin harkokin neman kuɗi da yarjejeniyar ta ƙunsa, muddin an cika sharuɗɗa uku. Kada macen ta kasance ƙarƙashin wani wajen zaɓar sana'ar ko yanayin aikin ko farashi. Alhakin aikin ya kasance a wuyanta ita kaɗai. Sannan kuɗin ya shiga hannunta kai tsaye, kuma cikakke. Na sha maimaita karanta waɗannan sharuɗɗa, domin da wata tsohuwar magajiya aka tambaya mece ce mai zaman kanta, ba na jin amsarta za ta yi nisa da wannan. A ɗauki wannan ma'auni a gwada da yarinyar da wani ya yi wa fasfo, wani ya biya mata jirgi, wani ya tare ta a tasha ya kai ta ɗakin da ba ta san kuɗin hayarsa ba. Ba ta cika ko ɗaya ba. Kuma matan nan shida sun kai ga kotu ne saboda ƙasashensu suna da yarjejeniyar da tamu ba ta da irinta.

Jamus ta amince da sana'ar a 2002, sannan a 2017 ta wajabta rajista. Dole mace ta je ofishin hukuma da kanta, ta halarci ganawar shawarar lafiya, a ba ta katin da za ta riƙa yawo da shi. Ba a ba baƙuwa wannan kati sai ta nuna tana da izinin yin aiki a ƙasar. A ƙarshen 2019 kimanin mutum 40,000 ne ke da rajista. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai Jamusawa, mafi yawan sauran daga Romaniya da Bulgeriya da Hangari suka fito. Wato sana'ar a hannun baƙi take, amma baƙin da fasfonsu ya riga ya buɗe musu ƙofa. Beljiyam ta wuce nan ma: ta cire sana'ar daga laifi a 2022, daga Disamba 2024 kuma ta amince a yi kwantiragin aiki mai haɗe da hutun haihuwa da fansho. Duk wannan na wanda ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida ne.

Akwai wani tsarin daban da Suwidin ta fara a 1999: ba a hukunta mai sayarwa, mai saye ake kamawa. Nowe ta bi sahu a 2009, Kanada a 2014, Faransa a 2016 da tarar Yuro 1,500 ga namijin da aka kama karon farko. Manufar a rubuce mai kyau ce, wai a ɗora laifin a kan mai kuɗi, a ɗauki macen a matsayin wadda aka zalunta. Amma a nan ma dokar iyaka na da tata maganar. Dokar baƙi ta Suwidin ta ba da damar a hana mutum shiga in ana ganin ba zai ci da kansa ta hanyar halaliya ba, kuma an yi amfani da wannan a kan mata baƙi masu wannan sana'a. A birnin Oslo, 'yan sanda sun shafe shekaru suna matsa wa masu gidajen haya su kori duk macen da ake zargi, in ba haka ba a tuhume su da kawalci. Binciken da ƙungiyar Amnesty ta fitar a 2016 ya nuna yadda matan Najeriya suka fi kowa ɗanɗana wannan, har da waɗanda suka kai ƙarar an yi musu fashi ko duka, ƙarshe su aka kora daga ƙasar. A takarda ba ta yi laifi ba. A zahiri ta rasa ɗaki, ta rasa ƙasar.

Amurka ba ta ɓoye-ɓoye. Dokarta ta shige da fice ta hana biza ga wanda ya yi karuwanci a cikin shekara goma da suka wuce, ko da a ƙasar da ya yi ɗin ba laifi ba ne, kuma tambayar tana cikin fom ɗin neman biza ƙarara. In an amsa da "e", an rufe ƙofa sai dai a nemi sassauci na musamman. In an amsa da "a'a" daga baya aka gano, an faɗa laifin yi wa hukuma ƙarya, wanda haramcinsa na iya zama na har abada. Gidajen da ke da lasisi a wasu ƙananan hukumomin jihar Nevada ba su canja wa baƙuwa komai ba. A Ingila kuwa sayarwar kanta ba laifi ba ce, amma mata biyu in suka haɗa gida ɗaya don su tsare juna, doka na iya kiran gidan gidan karuwai, wanda gudanar da shi laifi ne.

Saura bizar ziyara, wadda ita ce dillalai suka fi nunawa. Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, tana ba da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ta ziyara ce, ba ta neman kuɗi ba. Ko kitso mace ta zauna tana yi ana biyan ta, ta karya sharaɗin. Mutane da yawa suna ɗauka in ba ka da ubangida, kai ke yi wa kanka aiki, to ba "aiki" kake yi ba. Jami'in shige da fice ba ya ganin haka. Kuma yau ba sai an kama mutum a ɗaki ba: tallar da aka sa a intanet da hoto da lambar waya da ranakun da za a kasance a gari kaza ta isa hujja, kuma a ƙasashe da dama jami'an iyaka suna da ikon duba waya.

Ta ɓangarenmu, hanyar da ta fi tsufa ita ce ta gabas. Kowa ya san kalmar takari, ya san kuma mutanen da ke tafiya da bizar Umara su ƙi dawowa. Dole in faɗi wannan da babbar murya: mafi yawan matan da ke zaune a Makka da Jidda ba tare da iƙama ba aikatau suke yi, ko sayar da abinci, ko raino, kuma zalunci ne a shafa musu baƙin fenti gaba ɗaya. Amma rashin takarda ɗaya ne, kuma shi ne ke mayar da mace abin hannun duk wanda ya san sirrinta. A Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa babu ma zancen doka biyu, domin duka biyun sun hana: ɗauri ne, sannan kora. Wadda aka yi wa alkawarin aikin shago ko na otal a Dubai, ta sauka aka karɓe fasfonta aka ce ga bashin da ke kanta, tana tsakanin wuta biyu. In ta yi shiru ana ci gaba da cin ta da rai, in ta je wurin hukuma tana tsoron a fara tuhumar ta kafin a saurari kukanta. Wadda aka kama a Jidda ba takarda, sansanin Shumaisi ne masaukinta kafin jirgin Kano.

To idan babu ƙofar da doka ta buɗe, ta ina ake shiga? A nan ne kasuwar take. Duk inda aka toshe hanya alhali akwai masu son wucewa, wani zai tsaya yana karɓar kuɗin tsallakarwa. Labarin Italiya ya isa misali. A 2014 matan Najeriya kimanin 1,500 ne suka isa gaɓar ƙasar ta teku. A 2016 sun kai kimanin 11,000, kuma Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari nasu ana iya cewa safarar su aka yi don a sa su karuwanci. Yawancinsu daga jihar Edo suka fito, amma ta ƙasar Hausa suka ratsa: Kano, Zinder ko Maraɗi, Agadas, sai Sabha a Libiya. Direbobinmu ne suka ɗauke su, a gidajen unguwanninmu aka ɓoye su, don haka ba za mu ce labarin wasu ne ba. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamba 2023, hanyar kuwa ba ta taɓa mutuwa ba, sai dai ta ƙara tsada da haɗari a shekarun da dokar ke aiki.

Bashin da ake ɗora wa yarinya yakan kai Yuro 30,000 zuwa 50,000. Da yawa sun amince da adadin tun a gida saboda ba su san nauyin Yuro ba, wasu ma da Naira suka yi lissafi. Kafin tafiya ana kai ta wurin matsafi, a yanki gashinta da farcenta, ta rantse ba za ta gudu ba, ba za ta tona ba. A kan bashin ana ƙara kuɗin ɗaki, da na abinci, da na gefen titin da take tsayawa. Girman wannan rantsuwa a zukatan 'yan matan ne ya sa abin da Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya yi a watan Maris na 2018 ya zama babban labari: ya tara matsafan masarautarsa, ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya kuma tsine wa wanda ya sake ɗaura ta. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a wannan tsari shi ne uwar ɗakin da ke karɓar kuɗin, sau da yawa ita ma ta wannan hanyar ta zo. Ta biya nata bashin, ba ta da takardar da za ta nemi wani aiki, sai ta aika gida a kawo mata wata. Ita ce kaɗai a cikin labarin da za a iya kira mai zaman kanta, kuma a kan wuyan wata ta samu.

Wani zai ce ai wasu sun san abin da za su je yi. Haka ne, wasu sun sani. Amma yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan yaƙi da safarar mutane, wadda Najeriya ta sa wa hannu kuma ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 don aiwatar da ita, ta ce amincewar mutum ba ta da tasiri in an same ta ta hanyar yaudara ko tilas ko cin gajiyar raunin da yake ciki. Sanin irin aikin daban, sanin cewa za a riƙe miki fasfo shekara huɗu daban.

Ko a nan Afirka ta Yamma, inda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga ƙasa kwana 90 ba biza, rashin shingen bai warware matsalar ba. Senegal ta daɗe da tsarin rajista tun shekarun 1960: mace ta kai shekara 21, ta riƙe katin lafiya, ta riƙa zuwa gwaji. Mata da yawa ba sa yin rajistar don gudun sunansu ya shiga kundin hukuma. A Mali kuwa, NAPTIP ta faɗa a farkon 2019 cewa kimanin 'yan matan Najeriya 20,000 ne ke maƙale, da yawansu a wuraren haƙar zinare, bayan an yi musu alkawarin aiki a wata ƙasa mai nisa. Wannan ya nuna biza ba ita kaɗai ce sarƙar ba. Bashi, da rashin harshe, da rashin kowa naka a kusa, da kunyar komawa gida hannu rabbana, kowanne na iya ɗaure mutum.

Me ya sa ƙasashen da suka amince wa 'ya'yansu suke hana baƙi? Amsarsu ita ce don hana safarar mutane: in aka buɗe irin wannan biza, dillalai za su cika jirage da 'yan matan ƙasashe matalauta da takardun gaske. Wannan tsoro ba na banza ba ne, wanda ya ga yadda ake cinikin bizar aikatau zuwa ƙasashen Larabawa ya san abin da za a yi da ita. Ƙungiyoyin matan da ke sana'ar kuma suna cewa haramcin bai hana kowa zuwa ba, abin da ya yi kawai shi ne ya raba matan gida biyu, ya bar rabi ba su da bakin kai ƙara. Su ma suna da hujja. Ni ba na cikin masu kiran a buɗe biza don wannan, kuma ba na fatan 'yar kowa ta bi wannan hanya. Amma akwai abu ɗaya da nake ganin bai kamata a yi jayayya a kansa ba: macen da aka yi wa fyaɗe ko duka ko aka ƙwace wa fasfo ta iya shiga ofishin 'yan sanda ta faɗi abin da aka yi mata ba tare da an fara tambayar ta takardar zama ba. Ana iya ƙin sana'ar, a kuma ƙi a bar mai yin ta a hannun azzalumi.

Italiya ta ɗan gwada wani abu mai kama da haka. Sashe na 18 na dokarta ta shige da fice ta 1998 ya tanadi izinin zama ga wanda aka yi safararsa kuma rayuwarsa ke cikin haɗari. Na wucin gadi ne da farko, ana sabunta shi, in ta sami aiki ko ta shiga makaranta ana iya mayar da shi izinin aiki ko na karatu. A ƙa'ida ba dole sai ta tsaya a kotu ta ba da shaida ba, wata ƙungiyar jin ƙai da hukuma ta amince da ita na iya nema mata. Faransa ma a dokarta ta 2016 ta tanadi izinin wata shida, wanda ake iya sabuntawa har shekara biyu, ga wadda ta shiga shirin barin sana'ar. A lura da wadda ake ba waɗannan takardu: wadda ta nuna cewa ba zaman kanta take yi ba, ko wadda ta yarda ta daina. Kuma ko su ɗin, mata da yawa ba sa nema. Uwar ɗakin tana Torino ko Palermo, amma 'yan'uwanta suna gida, sun san ƙofar gidan mahaifiyar yarinyar, sun san makarantar da ƙanenta ke zuwa, kuma izinin zaman da aka buga a Italiya ba ya tsare kowa a can.